Sanyi, ƙwaya da garkuwa: kalmomi uku da haɗarin cututtukan birus ga masu ciwon gaɓoɓi a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

0. Gabatarwa

Wannan maƙala ta shafi wani rukuni na marasa lafiya waɗanda har yanzu ba su da suna a harshen hausa. Su ne mutanen da likitoci ke cewa suna ɗauke da « maladies rhumatismales auto-immunes », wato cututtukan gaɓoɓi waɗanda jiki da kansa yake haddasawa. Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa cututtukan birus, irin su ciwon hanta da ƙarambau da ƙyanda da korona, suna iya yi wa waɗannan mutane tsanani fiye da sauran jama'a, musamman in suna shan magungunan da ke kwantar da kumburi ta hanyar danne kariyar jiki. Gargaɗin da ya kamata a yi musu gajere ne, amma kafin ya isa kunnen mai ciwo sai ya bi ta kan kalmomi uku: sanyi, ƙwaya da garkuwa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne kowace ɗaya daga cikinsu tana karkatar da saƙon, har wanda ya fi kowa bukatar gargaɗin ya kasa gane cewa da shi ake.

Mun kafa bayaninmu bisa gundumomi uku na jahar Maraɗi: Agye da Gazawa a gabas da birnin Maraɗi, bisa hanyar Damagaram, da Gidan Rumji a yamma, bisa hanyar Birnin Ƙonni. Gazawa tana cikin Agye har 2011, shekarar da aka mai da ita gunduma. A ƙidayar 2012 gundumomin uku sun tara mutum wajen 930.000, akasarinsu manoma. Da hausa ake duba mara lafiya a gidajen likita na yankin, alhali ma'aikatan da faransanci suka yi karatu. Ke nan duk ganawar majo da mai ciwo aikin fassara ce, ko da ba a kira ta haka ba. Mun rubuta misalanmu da daidaitacciyar hausa. A bakin jama'a za a ji « lahiya » da « hwata » inda muka sa « lafiya » da « fata ».

1. Cututtukan da ake magana a kansu

Jikin mutum yana da ƙwayoyin jini farare da sinadarai waɗanda aikinsu shi ne gane baƙon abu su hallaka shi. A farkon ƙarni na 20 masanin Jamus Paul Ehrlich yana ganin jiki yana da hanyoyin da ke hana shi juya wannan makami bisa kansa. Daga baya aka gane cewa hanyoyin suna iya kasawa, kuma cututtuka da dama daga nan suke tasowa. Biyu daga cikinsu sun ishe mu misali.

Ta farko ita ce « polyarthrite rhumatoïde ». Tana kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, su kumbura su yi zafi, kuma mai ita yakan tashi da safe hannuwansa a sandare na tsawon awa guda ko fiye kafin su saki. In ba a yi magani ba, yatsun sukan karkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da ita, wajen kashi 70 cikin 100 mata ne. Ta biyu ita ce lupus, wadda ban da gaɓoɓi takan taɓa fata da ƙoda da jini. Cikin mutum goma masu ita, wajen tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa.

An daɗe ana ɗauka cewa waɗannan cututtuka ba su cika samuwa ba a Afirka ta yamma. A 1968 Brian Greenwood ya lura da ƙarancinsu cikin marasa lafiyar asibitin jami'ar Ibadan, har ya yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro yana da hannu a ciki. Tun da aka samu ƙwararrun likitocin gaɓoɓi a manyan biranen yankin, sai ga masu cutar suna bayyana. Bari mu yi wani lissafi na misali kawai: in rabin mutanen gundumomin uku manya ne, kuma mutum 1 cikin 1.000 ne kaɗai ke da irin wannan ciwo, an samu fiye da mutum 450. Mace ce a mafi yawan lokaci, wadda ke daka da jan ruwa a rijiya, kuma duk wanda ya ga hannunta zai ce aiki ne ya gajiyar da shi.

2. Daga ina haɗarin yake fitowa?

2.1. Cutar da maganinta

Haɗarin yana da tushe uku. Na farko cutar kanta: a lupus, alal misali, yawan wasu fararen ƙwayoyin jini yakan ragu. Na biyu ɓarnar da cutar ta riga ta yi wa huhu ko ƙoda, domin gaɓar da ta raunana ba ta jure sabon ciwo. Na uku, wanda ya fi shafar yankinmu, shi ne magani.

A 1948 likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya fara ba masu ciwon gaɓoɓi kortizon, aka ga waɗanda ba su iya tashi suna tafiya cikin ƴan kwanaki. A 1950 ya samu kyautar Nobel tare da Kendall da Reichstein. Kortizon da danginsa, wato firednizon da deksametazon, suna kwantar da kumburi ne ta hanyar rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini baki ɗaya, ba tare da bambanta waɗanda ke cin gaɓoɓi da waɗanda ke yaƙar birus ba. Bugu da ƙari suna ɓoye zazzaɓi, ta yadda ciwo zai yi nisa jiki bai yi zafi sosai ba. Akwai wasu magungunan, kamar metotreksat da ake sha sau ɗaya a mako, da rituksimab mai tsada wanda sai a manyan asibitoci. Wanda ke hannun kowa dai shi ne deksametazon, « deksa » a bakin jama'a, da ake samu wajen masu tallar magani a kasuwanni ba tare da takardar likita ba. Ana shan sa don ciwon jiki, wasu mata kuma don ƙiba, abin da ya jawo wa irin waɗannan ƙwayoyi laƙabin « sha-ka-fashe ».

Abin lura a nan shi ne ƙarfinsa. Miligiram 0,75 na deksa daidai yake da miligiram 5 na firednizon. Ƙwayar da aka saba gani tana da miligiram 0,5; ƙwaya uku a yini ke nan sun kai miligiram 10 na firednizon. Za mu ga muhimmancin wannan adadi nan gaba kaɗan.

2.2. Abin da korona ta bayyana

A watan Maris na 2020 likitocin gaɓoɓi na ƙasashe da yawa suka buɗe rajista guda ta masu ciwon gaɓoɓi da suka kamu da korona. Rahoton farko, bisa mutum 600 na ƙasashe 40, ya nuna cewa masu shan miligiram 10 na firednizon ko fiye a yini sun ninka sauran wajen yiwuwar kwanciya asibiti. Rahoton 2021, bisa mutum 3.729, ya ƙara abubuwa biyu: rituksimab yana tafiya da yiwuwar mutuwa wajen ninki huɗu, sannan waɗanda ciwon gaɓoɓinsu ke tashe, ba a shawo kansa ba, su ma yiwuwar mutuwarsu ta kusa ninki biyu. Akasarin mutanen rajistar daga Turai da Amurka suke, amma darasin ya shafi kowa: yawan kortizon haɗari ne, barin ciwo babu magani shi ma haɗari ne.

A watan Yuni na 2020 kuma wani babban gwaji na Ingila, mai suna RECOVERY, ya nuna cewa miligiram 6 na deksa a yini, har kwana goma, yana rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke bisa na'urar numfashi, amma bai amfani waɗanda ba su bukatar iskar oksijen ba. Magani guda ke nan yana ceton wanda ya galabaita a asibiti, yana kuma raunana wanda ya yi watanni yana shan sa a gida. Saƙo irin wannan ba ya jure fassarar da ba ta da kaifi.

3. Ire-iren birus da suka fi shafar yankin

A Nijar an tabbatar da korona ran 19 ga Maris 2020, kuma alƙalumman hukuma ba su kai mutum 10.000 ba. Waɗanda za mu ambata yanzu sun riga ta zuwa, kuma suna nan bayan ta lafa.

Ciwon hanta nau'in B shi ne kan gaba. Nijar tana cikin ƙasashen da kashi 8 cikin 100 na manya ko fiye ke ɗauke da birus ɗin, yawancinsu tun ƙuruciya kuma ba su sani ba. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, sau tara cikin goma birus ɗin zai zauna masa. Sai a 2008 aka sa rigakafinsa cikin allurar jarirai, don haka manyan yau ba su same ta ba suna jarirai. In mai ɗauke da shi ya shiga shan kortizon, birus ɗin yakan yaɗu cikin hanta shiru. Ranar da aka rage maganin ko aka yanke shi, kariyar jiki ta farfaɗo ta auka wa hantar, sai shawara ta bayyana, wani lokaci har hanta ta kasa aiki. Ƙa'idojin likitocin ciki da hanta na Amurka na 2015 sun sa mai ɗauke da birus ɗin da ke shan miligiram 10 na firednizon ko fiye har mako huɗu cikin rukunin da fiye da 1 cikin 10 ke gamuwa da wannan tashi. Gwajin ɗigon jini yana nuna mai ɗauke da shi, kuma maganin tenofobir yana tare tashin in an fara shi da wuri.

Na biyu shi ne birus ɗin ƙarambau. Bayan yaro ya warke, birus ɗin yakan koma cikin jijiyoyi ya kwanta shekaru da yawa. In kariyar jiki ta yi ƙasa sai ya fito a matsayin « zona », wato ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kamar ƙuna, a jere, a gefe ɗaya na jiki. Yiwuwar fitowarsa ga masu « polyarthrite » ta kusa ninki biyu, ga masu lupus ta fi haka. In ya fito a goshi yana iya taɓa ido. Maganinsa, asiklobir, ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku. Babba mai shan kortizon da bai taɓa yin ƙarambau ba kuwa, in ya ɗauka daga yaro, tana iya sauka masa a huhu.

Na uku ƙyanda, wadda ake kuma kira dusa ko baƙon dauro. A Nijar annobarta takan tashi da rani ta lafa da saukar damina, kuma wani bincike da mujallar Science ta buga a 2011 ya danganta haka da cikar biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram da ƴan cin rani. Cunkoso shi ne abincinta, irin wanda aka gani a ƙauyukan gundumar Gidan Rumji tun 2019, da dubun dubatar ƴan gudun hijira suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina. Mafi yawan manya sun riga sun yi ƙyanda ko an yi musu allura. Abin tsoro yana ga yarinya mai lupus ko yaro mai ciwon gaɓoɓi da ba su da wannan kariya. Su ne kuma ba a yi wa allurar ƙyanda ko ta shawara muddin suna kan kortizon mai yawa, domin alluran biyu suna ɗauke da birus mai rai da aka raunana. Kariyarsu tana hannun mutanen gidansu: in an yi wa sauran yara rigakafi, cutar ba ta samun hanyar shigowa.

4. Kalmomin uku

4.1. Sanyi

Wall (1988), a nazarinsa na maganin Hausawa a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya nuna matsayin sanyi cikin dalilan ciwo. Jaffré da Olivier de Sardan (1999) kuwa sun nuna cewa sunayen cututtuka na jama'a a Afirka ta yamma ba su faɗawa ɗaya bisa ɗaya da na asibiti. Dubi waɗannan:

(1) a. Yau ana sanyi.
b. Sanyi ya kama ni a gwiwa.
c. Tana da sanyin ƙashi.
d. Ya ɗauko ciwon sanyi.
e. Da na sha ƙwayar nan sai na ji sanyi.

A (1a) yanayi ne. A (1b) da (1c) ciwon gaɓoɓi ne ko wane iri. A (1d) ciwon da ake ɗauka wajen saduwa ne. A (1e) kuwa sauƙi ake nufi. « Sanyin ƙashi » ya haɗa gwiwar tsoho da ta gaji da shekaru da hannun matashiya mai « polyarthrite » cikin kwando guda, alhali ta farko ba ta da alaƙa da kariyar jiki. Kalmar tana kuma ɗauke da nata bayanin dalili: ciwon daga waje ya shigo, ta hanyar raɓa ko ruwan sanyi ko kwana a ƙasa. Wanda ya yarda da haka ba shi da dalilin zaton cewa ciwon hannunsa yana da hulɗa da ƙarambau ɗin jikansa. « Amosani » ma ba ta fitar da mu ba, domin akwai amosanin gaɓɓai, akwai amosanin kai, akwai amosanin jini wanda shi ne sikila.

Sakamakon a fili yake. Sanarwar rediyo da ta ce « masu sanyin ƙashi su yi hattara » ta kira dukan tsofaffin gari, ta bar matashiya mai lupus da ba ta ɗauki kanta cikinsu ba. In kuwa mai fassara ya yi tuntuɓe ya ce « masu ciwon sanyi », babu matar auren da za ta amsa kiran a gaban jama'a.

4.2. Ƙwaya

Ma'anar « ƙwaya » ta asali ita ce ƙaramin abu guda mai dunƙule: ƙwayar hatsi, ƙwayar ido. Daga nan aka faɗaɗa ta zuwa magani (ƙwayar magani, ƴan ƙwaya), zuwa « microbe » (ƙwayar cuta), zuwa « cellule » (ƙwayar halitta), zuwa « globule » (ƙwayar jini). Kowace faɗaɗawa tana da hujjarta, amma in suka haɗu cikin jimla guda ga abin da ake samu:

(2) Ƙwayar da kike sha tana rage ƙwayoyin da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Jimlar daidai take a nahawu, gaskiya ce kuma a likitance, amma mai sauraro sai ya warware « ƙwaya » uku masu ma'ana uku cikin numfashi ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce « ƙwayar cuta » ba ta raba birus da bakteriya da « parasite ». Sanƙarau da kwalara da tarin fuka na bakteriya ne, zazzaɓin cizon sauro na « parasite » ne, ƙyanda da ƙarambau da ciwon hanta B na birus ne. Rabon yana da amfani biyu ga mai ciwo. Kafso, wato « antibiotique », ba ya kashe birus. Wanda zona ta fito masa ya tafi wajen mai talla ya sayi kafso ya ɓata kwana ukun da asiklobir ke bukata. Sannan wasu ire-iren birus suna kwanciya cikin jiki har tsawon rai, abin da aikatau ɗin da muke amfani da su ba su nunawa:

(3) a. Ciwo ya kama shi.
b. Ya ɗauki ciwo.
c. Ciwo ya tashi masa.

(3a) da (3b) suna nuna shigowa daga waje. (3c) kaɗai ya dace da zona da tashin ciwon hanta, domin « tashi » yana nufin abin yana kwance tun da. Harshen yana da kayan aikin ke nan. Zaɓi ne ya rage.

4.3. Garkuwa

« Garkuwar jiki » ita ce fassarar da ta zauna wa « système immunitaire ». Ta yaɗu ne tare da yaƙi da sida, wadda aka fara tabbatarwa a Nijar a 1987, kuma ake wa kirari da « cuta mai karya garkuwar jiki ». Muna ganin illa uku gare ta a wannan fage.

Ta farko ta ilimin ma'ana ce. Garkuwa kayan tare sara ce, ba ta da rai, ba ta aikata komai da kanta:

(4) a. Garkuwa ta karye.
b. Garkuwa ta huje.
c. ? Garkuwa ta kai wa mai ita hari.

(4a) da (4b) sun dace da sida. (4c), wadda ita ce ma'anar « auto-immun », ba ta zama a kunne, domin aikatau ɗin yana bukatar mai aikatawa mai rai. Da wannan siffantawa ba za a iya bayyana wa mutum dalilin da zai sa likita ya raunana masa garkuwa da gangan ba.

Ta biyu ta zamantakewa ce. Majon da ya ce wa mace « garkuwar jikinki ta yi rauni » ya faɗi gaskiya, amma abin da ita da ɗan rakiyarta za su ji shi ne sida, kuma abin da kan biyo baya shi ne ɓoye ciwo da ƙaurace wa gidan likita. Ta uku ta zamani ce: a ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarumfa, inda aka sha fama da ƴan bindiga, « garkuwa » ta fi fitowa cikin « yin garkuwa da mutane ».

5. Shawarwari

Sunayen cututtukan zamani da suka samu karɓuwa, kamar « hawan jini » da « ciwon suga », gajeru ne, suna faɗin abin da ke faruwa, kuma babu kunya cikinsu. Bisa wannan ma'auni muke ba da shawarwari huɗu.

a) A ari kalmar « birus ». Sautin v yakan koma b a hausa, kamar a « bitamin » da « telebijin ». A bar « ƙwayar cuta » ta zama sunan jinsi. Zona kuma a bayyana ta da « tashin ƙarambau », bisa tsarin (3c).

b) Wajen bayani ga mai ciwo, a sa « dakarun jiki » a gurbin « garkuwar jiki ». Dakaru suna da rai: suna tsaro, suna kuskure, ana kwantar da su. Hausa tana bayyana « auto- » da kalmar « kai » haɗe da wakilin suna, don haka « jiki yana yaƙar kansa » jimla ce da kowa zai gane, kuma daga ita za a iya cewa « cututtukan yaƙin kai » a rubuce-rubuce.

c) A ware « kumburin gaɓoɓi » daga « sanyin ƙashi », da alamomi uku da mai ciwo ke gani da idonsa: kumburi, hannu biyu tare, sandarewar safe da ta wuce mako shida tana dawowa.

d) A kira mutanen da sunan abin da suke sha. Wannan ita ce shawarar da muka fi ba muhimmanci. Kaɗan ne a yankin suka san sunan ciwonsu, amma kowa ya san ƙwayar da ke ƙullin zanensa ko aljihunsa. « Duk mai shan deksa kullum fiye da mako uku » rukuni ne da mutum zai iya sa kansa ciki ba tare da gwaji ba, kuma ya haɗa har da masu shan ta don ƙiba, waɗanda su ma haɗarin bai bar su ba.

Ga yadda bayanin zai iya kasancewa tsakanin majo da wata dattijuwa:

(5) Majo: Inna, wace ƙwaya kike sha don hannun nan, kuma tun yaushe?
Inna: Ƴar farar nan ce, Majo, deksa. Uku nake sha, tun bayan girbi.
Majo: To Inna, ciwon nan dakarun jikinki ne suka ruɗe suna dukan gida. Maganin yana kwantar da su, shi ya sa kike jin sauƙi. Amma in masu tsaro sun kwanta, ɓarawo yana samun hanya.
Inna: In bar sha ke nan?
Majo: A'a, kada ki yanke shi rana ɗaya, jiki zai faɗi. Tare za mu rage shi sannu-sannu, mu kuma gwada jininki saboda hanta. In kin ga zazzaɓi ko ƙuraje ko idonki ya yi ɗorawa, ki zo ran nan, kada ki kwana.

Tambayar Inna ita ce inda fassara ta fi hatsari. Wanda ya sha kortizon fiye da mako uku, jikinsa yakan rage yin nasa na halitta, kuma yankewa farat ɗaya tana iya jawo faɗuwar jini da suma, ban da tashin ciwon gaɓoɓin da na hanta. Duk gargaɗin da ya tsaya a « maganin nan yana da haɗari » rabin saƙo ne, kuma rabin da aka bari yana iya kisa.

Akwai wani sashe na saƙon da kalma kaɗai ba za ta warware ba. A gidajenmu kaka ko goggo ita ke jinyar yaro mai ƙarambau ko ƙyanda, kuma ce mata ta nisance shi daidai yake da ce mata ta yi rashin zumunci. A nan ya fi kyau a yi maganar da mai gida da sauran matan gidan, a gabatar da ita a matsayin rabon aiki: wata ta yi jinya, ita ta riƙe girki ko sauran yara har ƙurajen su bushe.

6. Kammalawa

Mun ga cewa haɗarin birus ga masu cututtukan yaƙin kai yana fitowa daga cutar da kuma maganinta, kuma a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji ƙwaya uku ta deksa a yini ta isa ta kai mutum adadin da binciken likitoci ya nuna. Mun ga kuma cewa « sanyi » tana ɓatar da mai ciwon cikin taro, « ƙwaya » tana cakuɗa magani da cuta, « garkuwa » tana jawo zargin sida. Kalmomin da muka kawo shawara ce. Masu magana da harshen ne za su karɓe su ko su ƙi. Aikin da ke gaba shi ne tattara sunayen ciwon gaɓoɓi da na ƙuraje a Tibiri da Cadawa da Gangara, da naɗar yadda ake fassara gargaɗi a gidajen likita da rediyon karkara, sannan a gwada jimlolin (5) a ga abin da mai sauraro ya riƙe bayan mako guda. Aiki ne da ya dace ɗaliban kimiyyar harshe su yi tare da takwarorinsu na sashen likitanci na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, domin ɗayansu ya san abin da za a faɗa, ɗayan ya san yadda za a ji shi.